Karsanar da Ba a Ɗaura wa Audi Ba

Audi ɗan Mu'azu mutumin Tabanni ne, a ƙasar Birnin Gwari. An haife shi shekara biyar kafin Turawa su ci ƙasar, ya rasu shekara uku kafin su bar ta. Bai riƙe sarauta ba, bai yi malanta ba, bai taɓa wuce Zariya ba. Manomi ne, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya noma ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji da saurin tafiya, ba ya zama majalisa sai ya kewaya gonarsa. Tun bai cika shekara talatin ba ya tsayar da rumbu uku a gidansa. Biyu na ci ne, na ukun rumbun tsimi, wanda ake liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai shekarar da abinci ya yanke.

Ba marowaci ba ne, wannan kowa ya shaida. Audi yana son kyauta. Abin da ba ya so shi ne ya ga hannun wani a saman nasa, ko ya ga an ba wani abin da shi ba a ba shi ba, ko da kuwa ba ya bukatarsa.

Yana da taubashi, Maliki, ɗan gwaggonsa. Wata huɗu ne tsakaninsu, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma tun suna yara kowa ke ce wa ɗan'uwansa "bawana", kamar yadda taubasai kan yi. Sai dai Allah bai raba musu daidai ba. Gonar da Maliki ya gada fako ce a bakin daji, jar ƙasa mai tsakuwa, ciyawar wuta-wuta ta cinye ta. In ya shuka dawa sai ta fito kamar tsintsiya. Da yankan ciyawar jinka da saƙar zana da ƙodago yake riƙe matarsa Ladi da 'ya'yansu. Kowace kaka Audi yakan ɗaure dami biyu na dawa ya kai masa. Akwai hanya ta bayan gida, taku kaɗan ce, amma Audi bai taɓa bin ta da damin nan ba. Ta ƙofar masallaci yake bi, bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune. In an tambaye shi ina zuwa, sai ya ce abincin bawansa zai kai. Kowa ya yi dariya, Maliki ma ya yi.

Akwai kuma Bappa, wani Bafillatani dogo mai ƙarancin magana, wanda ke saukowa da shanunsa kowace shekara in an gama girbi. A gonar Audi yake kafa ruga, tun zamanin Mu'azu. Shanu su ci kara su bar taki, Audi ya ba da dawa, matar Bappa ta riƙa kawo wa Huraira matar Audi nono da man shanu. Rabin albarkar gonar Audi daga nan take, ya kuma sani. In yana maganar Bappa a majalisa, "Bafillatanina" yake cewa.

Fulanin nan suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. Mai garke ya zaɓi karsana ya ɗaura wa wanda ba shi da ko kofato. Ta zauna wurinsa, ya yi kiwonta, ya sha nononta, har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne halak malak, uwar kuma a mayar wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a dukanta, in ta mutu ba a biya. Tsakaninsu suke yi, da wuya ka ji an ɗaura wa Bahaushe. Audi ya san al'adar, ya kuma daɗe yana raya wa ransa cewa in har Bappa zai ɗaura wa wani Bahaushe, ba sai an yi duba ba za a san ko wane ne.

Wata Laraba a ƙarshen ranin 1926, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Fulani na shirin tashi, Audi na zaune ƙofar gida yana gyara ƙotar garma. Sai ya hango Bappa tafe, yana jaye da farar karsana mai baƙin kunne, da sabuwar igiya a wuyanta. Audi ya ajiye ƙotar, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya leƙa zaure ya ce Huraira ta dama fura. Har ya fara tunanin inda zai kafa turke, ko gindin tsamiya ko kusa da rumbu.

Bappa ya iso suka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, "Maliki yana gida kuwa?"

Audi ya ce yana ciki. Bappa ya ja karsanarsa ya wuce.

Kafin a ce me, mutane sun taru a gidan Maliki, Audi ma ya bi sahu don kada a ce bai zo ba. Gidan ko turke babu, a jikin ginshiƙin rumfa Bappa ya ɗaure ta. Maliki ya fito da zana rabin saƙa a hannu, ya tsaya baki buɗe yana sauraron sharuɗɗan da Bappa ke faɗa a gaban shaidu. Ladi na daga ɗaki tana kuka tana godiya. Audi ya ga duk ido ya koma kan taubashinsa, sai ya ɗaga murya.

"Bappa, ka ɗaura wa bawana saniya? Ai dukiyar bawa ta ubangidansa ce."

Aka yi dariya. Maliki ya ce, "To ubangida, sai ka fara yanko mata ciyawa."

Dariyar ta biyu ta fi ta farko. Audi ya koma gida ya tarar da fura a kan tabarma, an rufe ta da sabon faifai. Huraira ta tambayi ina baƙon. Ya ce ta ba yara su sha.

Washegari ya tafi ruga da hujjar zai duba takin bana. Aka yi ta zagaye-zagaye, maganar ruwa, maganar hanya, har Audi ya ce ashe karsana ta yi musu yawa a garke.

Bappa ya dube shi ya yi murmushi. "Kaɗo, kana da rumbu uku. Wanda ya ƙoshi ba a miƙa masa ludayi."

Ya ce shekara biyu ke nan yana lura da Maliki. Akwai akuyar wata tsohuwa da ke hannunsa kiwo. Ba tasa ba ce, amma ya ga yadda yake cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, ya ga yana hawa bishiya da rani yana saro mata ganye. Wanda ya riƙe akuyar wani haka, in ji Bappa, zai riƙe saniya. Magana ce mai ma'ana, amma ba ita Audi ya ji ba. Abin da ya ji shi ne, shekara biyu Bappa na kwana a gonarsa, yana cin dawarsa, idonsa kuwa na kan Maliki.

Daga ranar Audi ya sami sabon aiki. Dangar gidan Maliki gajera ce, hanyar gonar Audi kuma ta koma bi ta nan. Safe da yamma sai ya leƙa, yana jiran ranar da haƙarƙarin karsanar zai fito. Ranar ba ta zo ba. Maliki ya riƙe duk abin da Bappa ya faɗa masa: kanwa a ruwan sha, hayaƙi da yamma saboda ƙudaje, kuma kada ta kusanci kurmin bakin rafi da damina, don can ne gidan tsando, ƙudan da ke sa wa shanu ciwon sammore.

A watan da aka kwashi maza aikin hanyar mota, aka ɗauki Maliki, ba a ɗauki Audi ba. Ladi na da tsohon ciki, sai Maliki ya roƙi taubashinsa ya kula masa da karsanar. Kwana goma sha huɗu Audi na yanko mata ciyawa, bai tsallake rana ɗaya ba. Ranar ƙarshe ta miƙo wuya ta lashi bayan hannunsa. Ya tsaya ya shafa goshinta, ya waiwaya ko wani na kallo, sannan ya koma gida ya yi wa Huraira faɗa wai miya ba gishiri.

Dama da ciki Bappa ya kawo ta. Da kaka ta haifi mace. Ladi ta aiko wa Huraira man shanu na farko a ɗan ƙoƙo. Audi ya sunsuna ya ce yana warin hayaƙi, bai ci ba.

Ranin farko Audi ya daure, Bappa ya sauka a gonarsa kamar kullum, amma kowace yamma sai ya ga Bafillatanin ya nufi gidan Maliki duba saniya. Da kakar 1927 ta zo, saura mako guda Fulani su sauko, Audi ya tara karan babbar gonarsa ya cinna masa wuta.

"Malam, shanun Bappa fa?" in ji Huraira.

Ya ce toka ma taki ce. Amma ba wanda bai san ma'anar manomi ya ƙone kara kafin baƙonsa ya iso ba.

Gaskiyar magana, ba korarsa Audi ke son yi ba. Yana da wata gona ƙarama a gefen fadama, ita bai taɓa karanta ba. Nufinsa Bappa ya zo ya ga toka, ya tako har ƙofar gida ya tambayi laifin da ya yi, shi kuma ya ja masa rai kaɗan, sannan ya ce ai ga gonar fadama ya ajiye masa. Abin da ya manta shi ne, Bafillatani irin Bappa ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tambayi dalilin da aka hana shi. Ranar da suka iso, Bappa ya tsaya a bakin baƙar gonar, ya dogara da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Audi na bayan rumbu yana leƙe, yana jira. Bappa ya juya kan shanunsa.

Maliki ne ya tare shi a hanya, ya ce gonarsa ba ta da wani kara, amma tana jingine da daji, ciyawa ba ta yankewa. Nan Bappa ya kafa ruga, nan ya sake kafawa baɗi. Shanu sittin suka yi rani biyu suna kwana a kan fakon. A daminar 1929 dawar Maliki ta rufe mutum a kan jaki, ta Audi kuwa ta fara ja da baya. Mutanen Tabanni suka ce dama an faɗa, hassada ga mai rabo taki ce, amma ba su taɓa ganin wanda ya kora takin da kansa har gonar mai rabon ba sai Audi.

Duk wannan bai yi masa ciwo kamar abin da ya faru da kakar ba. Ya ɗaure daminsa biyu kamar yadda ya saba, ya biyo ta ƙofar masallaci, sai ga Maliki zaune cikin dattawa. Ya miƙe da sauri ya taro shi.

"Taubashi, Allah ya saka da alheri. Bana mun samu, har na ɗora rumbu. Ka kai wa Dabo, matarsa ta haifi tagwaye."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, dattawa suka sa albarka. Audi ya wuce da damin a ka zuwa gidan Dabo, kamar ɗan aike.

Ba a yi mako ba ya fasa lakar rumbun tsimi. A lokacin wasu fatake na ratsawa da shanu daga can arewa za su kudu. Audi ya kwashe tsimin shekara huɗu ya sayar, ya sayi wani jan sa, ƙato, mai ƙaho kamar rassan bishiya. In aka tsayar da saniyar Maliki kusa da shi sai ta zama kamar akuya, kuma abin da Audi ya saya ke nan.

Huraira ta dubi san, ta dubi bakin rumbu a buɗe. "Malam, sa dai ba ya haihuwa, ba a kuma tatsarsa."

Ya ce maganar shanu ba ta mata ba ce. Ya zaga da shi ta ƙofar masallaci, ya kafa masa turke a gindin tsamiya. Maliki ya zo ya yaba ƙwarai, sannan ya ce ya ji Bappa na cewa jajayen nan na arewa ba sa jure ƙudan dajin nan, a nisanta shi da kurmin rafi.

"Saniya ɗaya ta aro, har ta mai da kai Arɗo?" in ji Audi.

Da wani ne ya ba shi shawarar, da ya ɗauka. Da damina ta sauka, ciyawar bakin kurmi ta fi ta ko'ina tsawo da laushi, Audi kuwa so yake sansa ya yi ƙibar da za a yi zancenta har Damari. Can ya riƙa kai shi. Wata biyu sa yana sheƙi. A na uku gashinsa ya tashi, idonsa ya fara hawaye, tozonsa ya kwanta. Kafin a fara girbin gero an yanka shi don kada ya mutu mushe, naman duk jijiya, mahauci ma fatar kaɗai ya yi wa ciniki.

Wata guda bayan haka, a shekarar 1930, dawa ta fid da kai tana ɗaukar ido, fara ta taso daga gabas kamar hadari. Kwana uku ta yi a ƙasar Tabanni. Aka buga gwangwani, aka yi hayaƙi, aka yi addu'a. Da ta tashi, kara tsirara ta bari. Ba ta zaɓi gonar kowa ba, ta Audi da ta Maliki duk ɗaya. Masu rumbun tsimi suka fasa laka. Na Audi ko ɓera ya daina leƙawa.

A lokacin ne Turawa masu neman zinariya suka kafa sansani a rafukan cikin daji. Audi, wanda bai taɓa yi wa kowa ƙodago ba, ya yi rani biyu tsaye cikin ruwa yana wanke yashi a ƙwarya. In ya dawo gida, kafin ya sauke ɗan hatsin da ya samo sai ya dubi 'ya'yansa, ya ga ba su rame kamar na maƙwabta ba. Ya kuma ga wata ƙwarya mai ɗinki a baki an kife ta a kan dangar baya. Ya san ƙwaryar, ta Ladi ce. Kowace safiya tana tsallako danga cike da nono ta koma wofi. Saniyar Maliki ta yi haihuwa ta biyu namiji, shi Maliki ya sayar ya sayi hatsi, kuma gida biyu suka ci. Audi bai tambaya ba, Huraira ba ta faɗa ba.

A ranin 1932, bayan an yaye haihuwa ta uku, wadda ta zo mace, Maliki ya mayar wa Bappa saniyarsa, da goro da dami ɗaya na maiwa. Ladi ta raka ta har bakin ruga tana share hawaye. Aka bar musu 'yar fari, wadda ita ma ta riga ta haihu, da 'yarta, da 'yar autar.

Shekara ta zagayo. Wata safiya a farkon damina Audi na zaune ƙofar gida, ya rame, ƙafafunsa duk faso, yana tunanin inda zai samo irin shuka. Sai ya hango farar karsana mai baƙin kunne tafe, ana jaye da ita. Wannan karon bai miƙe ba, don mai jan ba dogo ba ne. Maliki ne, da 'yar autar.

"Bawana, ka ɓata hanya ne?"

"Ban ɓata ba. Turken jan sa yana nan, ko ka cire?"

Turken na nan gindin tsamiya, gara ta fara cinsa. Audi ya dubi turken. Ya gane abin da ke tafe da taubashinsa, ya kuma san abin da karɓa ke nufi. Bappa ya faɗa masa da bakinsa, ba a ɗaura wa mai rumbu uku. Duk wanda ya ga karsanar nan a gindin tsamiya ya san Audi ɗan Mu'azu ya shiga sahun marasa ko kofato.

"Bappa ne ya aiko ka?"

"A'a. Wannan tawa ce, a gidana aka haife ta."

Audi ya haɗiye wannan da ƙyar. Ya tambayi ko wani ya gan shi a hanya.

"Ta ƙofar masallaci na biyo," in ji Maliki. "Ba nan ce hanyar kyauta ba? A wurinka na koya."

Audi ya buɗe baki zai ce ya koma da abarsa. Sai aka yi gyaran murya daga cikin zaure. Huraira ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba, amma ranar ta sa, ba ta ko fito ba.

"Malam, ƙwaryar Ladi ta gaji da tsallake danga."

Audi ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka kan igiyar da ke wuyan karsanar. Tsohuwa ce, ta yi baƙi da maiƙon hannu, tufkar Fulani. Ya tambayi ina Maliki ya samo ta. Maliki ya ce ita ce Bappa ya kawo uwar da ita shekara bakwai da suka wuce. Ranar da ya mayar da saniyar, Bappa ya kwance igiyar ya miƙo masa, ya ce ya riƙe, wata rana zai bukace ta.

Audi ya miƙa hannu. Ba karsanar ya taɓa ba, igiyar ya kama.

"To," ya ce, "tunda igiyar Bappa ce."

Bai tambayi Maliki komai game da kiwo ba, ba ya ma bukata. Shekara bakwai ya yi yana leƙen danga, ya san awon kanwa, ya san lokacin hayaƙi, ya kuma san kurmi fiye da kowa. Saniyar ta haifa masa uku, duka mata. Har ya mutu bai bar kowa ya manta cewa a na Maliki akwai namiji ɗaya ba. A 1939 ya mayar da uwar, ta ƙofar masallaci, da sabuwar igiya. Ya daina ƙona kara tun shekarar fara, kowace kaka yana barinsa tsaye, amma Bappa bai sake sauka a gonarsa ba, ko da yake suna gaisawa da mutunci in sun haɗu. Bappa ya rasu a 1938 bai ɗaura wa Audi komai ba. 'Ya'yansa ne daga baya suka raba garken, rabi gonar Maliki rabi ta Audi.

Da Audi ya ji Maliki ya ɗaura wa Dabo mai tagwaye karsana, ba a yi wata ba shi ma ya ɗaura wa Abarshi mai haƙar rijiya. Maliki ya ɗaura wa wata Bagwariya da mijinta ya rasu a ƙauyen bayan dutse, Audi ya ɗaura wa makaho mai tufkar igiya da surukin makahon a rana ɗaya. Har ya kai yana bin ƙauyuka yana tambayar wane ne ba shi da komai, don ya riga taubashinsa. Bai kuma iya bayarwa ya kau da kai ba. Kowace Juma'a sai ya zaga gidajen, ya ɗaga wutsiya ya duba kaska, ya leƙa kwatarniya ya ɗanɗani ruwan, ya yi faɗa. Mutane sun fi son karɓa daga Maliki, amma shanun Audi sun fi rayuwa. A yunwar 1943, gidajen da ke da saniya a turke ba su yi ƙaura ba, kuma yawancinsu daga hannun taubasan nan biyu suka samu.

Maliki ya rasu a 1951, ya ɗaura wa gida bakwai. A lokacin Audi ya ɗaura wa goma sha ɗaya. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar, ya yi kwana uku ba ya magana. Bayan haka ma bai daina ba, ko da yake ba sauran wanda zai riga.

Shekara guda kafin rasuwar Audi, wani magidanci mai suna Mailafiya ya dawo masa da saniya bayan haihuwa uku. Ya durƙusa ya yi ta godiya, ya ce yanzu yana da shanu biyar, ya aurar da 'yarsa bai sayar da gona ba.

"Baba, ba don igiyar Maliki da ka ɗaura mini ba, da yanzu ina wurin wankin zinariya."

"Igiyar wa?"

"Ai haka ake ce mata, Baba. Har Damari da Saminaka haka suke faɗa."

Audi ya ce Maliki gida bakwai ya ɗaura wa, shi kuwa goma sha shida, duk wanda ke shakka ya zo ya lissafa masa su da sunayensu. Mailafiya ya ba da haƙuri. Sannan ya ce akwai wani maƙwabcinsa da gobara ta cinye wa rumbu, ko za a taimaka masa. Audi ya ce ya juya da saniyar ya kai masa, amma ya gaya masa ta Audi ce. Mailafiya ya ce to. Bai wuce tsamiya ba Audi ya ji wani ya tambaye shi ina zuwa da saniya, ya kuma ji amsar sarai: Baba Audi ne ya ba da igiyar Maliki.

Audi ya rasu a daminar 1957, ya bar rumbu huɗu, na tsimin a liƙe, da shanu goma sha tara a gida, shida a hannun mutane. Da aka zo rabon gado aka buɗe wata jakar fata da ke ƙarƙashin gadonsa, ana zaton layu ne a ciki. Tsohuwar igiya ce baƙa, tufkar Fulani, an naɗe ta da kyau. Magada suka rasa ta mece ce, sai Huraira ta karɓa. Ta ce duk gidajen da ya ɗaura wa saniya da sabuwar igiya ya ɗaura musu, wannan kam bai taɓa yarda ta fita daga ɗakinsa ba.